Kalgon da Baba Ya Hana a Sare

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, kuma ba ya yi mini magana ido da ido. In yana son a yi wani aiki, sai ya dubi bango, ko jakin da ke ɗaure a turke, ya ce, "A je a gyara dangar can." Ƙannena maza biyu sun daɗe a Kano suna ɗinki, ba sa zuwa sai da salla. Kowa a gidan ya san wanda ake nufi da "a je". Da haka na girma, da haka na yi aure har na haifi ƴaƴa biyu a cikin gidan, a ƙauyenmu da ke tsakanin Madarumfa da Gabi.

Gonar gandunmu jigawa ce, tana kan tudu, nesa da fadamar tabki. Tun ina ƙarami darasi guda Baba ya dasa mini a kanta: gonar manomin kirki fes take, kamar tsakar gidan da aka share. Kowace bazara mukan yi sassabe, mu sare duk abin da ya tofo, mu tara, mu cinna wuta. Abin da ya fi damunmu kalgo ne. Ka sare shi bana, baɗi kututturen ya fito da tsirrai ashirin, da ganyensa mai baki biyu kamar kofaton raƙumi. Na sha ranƙwashi a kan kalgo fiye da a kan karatun allo. In na bar ko tsiro guda, Baba zai tsaya a kansa ya tambayi sama ko gonar ta zama ta marayu.

A shekarar da aka rage darajar kuɗinmu na sefa na dawo daga cin rani a Jibiya, inda nake lodin motoci a kasuwa. Rani uku na yi ina tara kuɗi, har Allah ya ba ni abin da na daɗe ina buri, garmar shanu da ƴan bijimai biyu. Na shigo gari ina jin kaina. Na riga na gama huɗar gonar nan a cikin zuciyata, kunyoyi miƙaƙƙu daga wannan iyaka zuwa waccan.

Abin da ban sani ba, ina can wata motar furoje, ta masu aikin raya karkara, ta zo ta kwashi mai gari da wasu tsofaffi, har da Baba, aka kai su wani ƙauye arewa da Maraɗi su ga gonakin mutanen can. Sauran tsofaffin sun je, sun ci shinkafa, sun dawo sun manta. Baba kaɗai ya dawo da abin a ka.

Ranar da na saɓa gatari na nufi sassabe, na tarar da gonar cike da tsummoki. Kowane kututturen kalgo an zaɓi tsiro biyu ko uku an ɗaura musu jan ƙyalle. Na gane ƙyallen, tsohon zanen Inna ne. Baba yana zaune a bakin gona bisa buzunsa, ya riga ni zuwa. Na gaishe shi, na tsaya ina jira. Ya dubi jaki ya ce, "Duk wanda aka ɗaura ma tsumma ba a sare shi. Sassaben zamani za a yi bana."

Na ɗauka wasa ne, ko kuma na wannan shekarar ne kawai. Na ce, cikin ladabi, ai na zo da garma, kuma garma ba ta shiri da kututture. Ya gaya wa jakin cewa ƙasar ta gaji, iska na kwashe ta, kuma ya ga hatsi da idonsa a gindin itatuwa, gani ya kori ji. Ya ƙara da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A lokacin shekaruna sun haura talatin.

Da a ce bari kawai za a yi, da da sauƙi. Aikin ya ninka na sarewa. Kowane kututture sai ka durƙusa a gabansa, ka cire tsirran da ba a so ɗaya bayan ɗaya, sannan ka datse ƙananan rassan waɗanda aka bari har zuwa rabin tsayinsu. Kuma sara daga ƙasa zuwa sama, da adda mai kaifi, don kada ɓawon ya ɗaye. Gadon bayan Baba ya riga ya lalace tun kafin wannan, ba ya iya sunkuyawa. Aikinsa nuni da sanda. Sassaben da muke gamawa cikin kwana uku ya ci mini sati biyu, kuma babu kututturen da na gama ba tare da an sanar da jaki cewa wasu mutane hannunsu kamar na mahauci yake ba.

Ruwa ya sauka, na ɗaura wa bijimai garma. Ba su gama horuwa ba, ga shi kowane taku goma sai na karkata su don in kauce wa kalgo. A rana ta biyu bakin garmar ya kama wata saiwa, na ji ƙas. Na ɗauke ta a ka har Madarumfa wajen maƙeri, na yi asarar kwana biyu na danshi. Da na gama huɗar na tsaya daga iyaka na duba, kunyoyin sun yi kamar sawun maciji a rairayi. Na tuna yadda na zana su a raina a Jibiya, na juya na tafi gida.

Mutanen gari kuwa sun sami abin hira. In na zauna a majalisa bayan la'asar, sai wani ya tambaye ni ko kura ta fara haihuwa a gonarmu. Akwai wani maƙwabcinmu a gona, mafarauci ne da rani, ya ce in sanar da shi ranar da zai kawo karnukansa. Ba wanda ya isa ya yi wa Baba wannan ba'a, tsoho ne mai kwarjini, don haka duk a kaina take sauka. In na ce ba ra'ayina ba ne, na tona asirin gida. In na kare shi, na yi ƙarya. Sai in yi murmushi in ci goro.

Da hatsi ya fitar da kai, tsuntsaye suka gano cewa an yi musu wurin hutawa a tsakiyar abinci. Na gaya wa Inna, don ta wurinta nake aika wa Baba maganar da ba zan iya faɗa ba. Ta dawo da amsa cewa tsuntsu na Allah ne, kuma yana cin gonar da ba ta da ko tsinke. Damman da muka ɗaure a kakar nan ba su fi na bara ba, ba su kuma gaza ba. Baba ya ce wannan ai nasara ce. Ni ma na ce a raina nasara ce, tawa.

Na yi zaton an gama. Na wanke ƴan kayana, na gaya wa maiɗakina ranar Alhamis zan bi motar Jibiya. Ranar Laraba da hantsi Baba ya fito ya tsaya a tsakar gida, ya ce wa rumbu, "Bana ba a tahiya ko'ina. Ana sare kalgo."

Gaskiya ne, ana sarewa. A wajenmu, da zarar an kwashe amfanin gona, fili ya zama na kowa. Dabbobi su shiga su ci kara, mata su shiga su yi itace, ba mai cewa don me. Tun kakanni haka ake. Da can mata sai sun yi tafiyar wuni kafin su sami ƴan ƙirare, ko su dafa tuwo da kara da kashin shanu. Yanzu ga sanduna miƙaƙƙu, gyararru, tsayin mutum, kusa da gari. Wa zai wuce su?

Haka na rasa cin ranin shekarar. Abokaina suka tafi, ni na zama mai gadin kalgo. Kullum bayan na karya kumallo in tafi gona in zauna, ba inuwar kirki, don kalgon bai kai ya yi inuwa ba. Na kori awaki, na ba wasu makiyaya haƙuri, na mayar da mata biyu da suka kalle ni kamar na taɓu. Duk da haka sandunan raguwa suke. Wasu an sare su daga tushe, wasu an ɗaye musu ɓawo an bar su tsirara. Baba yana zuwa duk bayan kwana biyu ya ƙirga tsummokin da suka faɗi ƙasa. Har ya je wajen mai gari ya kai ƙarar ɓarawon da bai sani ba, aka sa mai shela ya zagaye gari yana cewa duk wanda aka kama zai gamu da hukunci.

Na lura ɓarnar ba ta faruwa sai ranar kasuwar Gabi, ranar da nake zuwa sayo wa bijimai dusa da kanwa. Sai wata ranar kasuwa na fita da jaki kamar zan tafi, na kewaya ta bayan gari na koma gona. Tun daga nesa na ji sara. Na ƙara sauri, ina shirya maganar da zan faɗa.

Gwaggo ce, yayar Baba, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune a ƙarshen gari tana yin daddawa ta sayar, sana'ar da ke cin itace kamar me. Ba ta ɓuya ba, ba ta ko yi sauri ba. Ta riga ta tara sanduna, ta ɗaye ɓawon wasu ta murza igiya da shi, tana cikin ɗaurewa. Ta ɗago ta gan ni, ta ce, "Yawwa, Allah ya kawo ka. Zo ka ɗora ma jakin nan."

Na durƙusa na gaishe ta. Na fara cewa, Gwaggo, ai Baba ya hana, ba ta bari na kai ƙarshe ba.

"Gonar ubana ce. Tun ubanka bai iya ɗaura wando ba nike yankan kalgo a nan. Shi da ya yi shekara sittin yana ƙone shi a banza, yau don ya shiga mota ya zama sarkin dawa?"

Na ɗora itacen bisa jaki. Na kora shi har ƙofar gidanta, ta tsakiyar gari, ita tana biye da gatarinta a kafaɗa tana amsa gaisuwar mutane. Ta ba ni ruwa na sha, ta ƙulla mini daddawa in kai wa Inna.

Kwana uku na yi ban faɗa wa kowa ba. Ban san ta inda zan fara ba. In na faɗa, na haɗa ƴan'uwa faɗa. In na yi shiru, mai shela ya riga ya yi shela. Ashe garin ya gama yi mini aikin. A rana ta huɗu, ina gyara turken bijimai, Baba ya shigo daga masallaci. Bai dubi bango ba, bai dubi rumbu ba. Ya zo har gabana ya dube ni cikin ido, abin da ban tuna ya taɓa yi ba, ya ce, "An ce an gan ka da kalgona bisa jaki. Kai ne?"

Na daɗe ina fatan ranar da Baba zai yi mini magana kamar mutum da mutum. Ban taɓa zaton tuhumar sata za ta zama ta farko ba. Wata uku ina gasuwa a rana saboda itacen da ba na so, na rasa cin rani, na zama abin dariya, sakamakon ke nan. Na ce, "Baba, ni na ɗauko. Amma ba ni na sara ba. A tambayi Gwaggo."

Ya gyara hularsa. Ya juya ya fita, ni kuma Inna ta yi mini alama da ido in bi shi.

Abin da ya faru a gidan Gwaggo ban taɓa ganin irinsa ba. Baba, wanda in ya yi gyaran murya gidanmu ke yin tsit, ya zauna a bakin tabarma kamar ɗan makaranta gaban malaminsa. Ya yi mata bayanin iska da rairayi da abin da ya gani a arewa. Ita tana tankaɗe, ba ta ko dube shi ba. Da ya gama ta tuna masa cewa ita ta goya shi, cewa ba ta taɓa neman rabonta na gonar ba, kuma tun da ya aika mai shela ya kira ta ɓarauniya a bainar jama'a, to a tafi gaban mai gari, ita ma tana da magana. Baba ya ce ai bai san ita ce ba. Ta ce duk garin sun sani, shi kaɗai ne bai sani ba, shi da wannan da ya ajiye a gona kamar mutum-mutumi. Ni ke nan.

Ba a je gaban mai gari ba. Shi da kansa ya aiko cewa a kashe maganar a gida, kuma na ji an ce da ya ba da saƙon sai da ya rufe baki da rawani. Aka yi sulhu kamar haka: Gwaggo ba za ta ƙara taɓa sandar da aka ɗaura wa tsumma ba. Duk abin da aka datse a sassabe nata ne, da ɓawonsa, haka kuma ƴaƴan kalgon in ya fara yi, don ta daka wa awakinta. Za a riƙa kai mata har gida. Ba a faɗi wanda zai riƙa kaiwa ba, ba a kuma buƙaci a faɗa ba.

Daga ranar Gwaggo ta zama mai gadin da ya fi ni sau goma. Tunda itacen ya zama nata, macen da ta kuskura ta shiga gonar da gatari sai ta ji sunan kakanninta. Rani na gaba na samu na koma Jibiya. Amma kafin in tafi sai na yi datsa na kai mata, in na dawo in sake yi, kuma kullum tana cewa kayan bana bai kai na bara ba.

A shekara ta uku ruwan shuka ya zo da wuri, aka shuka, hatsi ya tsiro, sai aka yi kwana da kwanaki ana iska mai ɗauke da rairayi. Ta binne tsiron mutane, ta yanke wanda ba ta binne ba. Maƙwabtanmu sai da suka yi shuka sau uku. Mu gefen gabas kawai muka sake, inda kalgon bai yi yawa ba. A gindin kowace bishiya ganye ya taru ya ruɓe, ƙasar ta yi duhu. Na gani da idona, ba zan ƙi faɗa ba. Sai dai na ga wani abin kuma: hatsin da ke daf da gindin, inda inuwa ta yi yawa, siriri yake fitowa, kansa bai fi yatsa ba. Na aika wa Baba wannan ta wurin Inna. Amsar da ta dawo ita ce laifin mai datsa ne.

Baba bai iya ɓoye nasara ba. Ya riƙa tare mutane a hanyar masallaci yana tambayarsu sau nawa suka yi shuka, alhali ya sani. Baƙo in ya zo gaisuwa sai an kai shi gona kafin a ba shi fura. Daga baya mutane suka fara zuwa da kansu suna tambayar yadda ake yi, har da mafaraucin nan mai karnuka, wanda ya zo yana sosa ƙeya yana cewa shi dama tun farko ya ga alamar abin. Baba ya karɓe shi hannu biyu, ya ce, "A je a nuna mishi." Kwana biyu na yi durƙushe a gonar mutumin ina datse masa kalgo, yana tsaye a kaina yana ba ni labarin zomaye.

Wajen ƙarshen shekarun nan ƙafafun Baba suka ƙi, idonsa ma ya yi rauni. Na ɗauka yanzu zan yi sassabe yadda na ga dama. A bazarar farko da ya kwanta, ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a amalanke, na kora jaki da shi har gona. Gwaggo ta ji labari ta ce ita ma a biya a ɗauke ta. Kalgon farko sun riga sun zama bishiyoyi, sun fi ɗaki tsayi, amma sababbin kututture na ta fitowa. Na ajiye su a inuwa na ɗauki adda.

A kututture na farko suka saɓa. Baba ya ce tsiro biyu za a bari, don su yi kauri. Gwaggo ta ce uku, don in akuya ta ci ɗaya a sami saura. Ya ce ita ba ta je arewa ta gani ba. Ta ce shi ma yanzu ba ya ganin komai. Na tsaya da adda a hannu, rana na dukana, kowa yana ba ni umarni. Da na gaji, na bar uku, na ce wa Baba na bar biyu.

Ya ce a kai shi wurin. Na ciccibe shi na zaunar da shi a gindin kututturen. Ya miƙa hannu ya shafa, ɗaya, biyu, ya tsaya a kan na ukun ya riƙe shi. Ya ce rashin ido ba rashin hankali ba ne. Na sare na ukun. Gwaggo ta miƙo hannu ta karɓe sandar, ta gwada kaurinta, ta ce dama irin wannan take nema ta juya tukunyar daddawa.

Na mayar da Baba amalanke, na ja jakin zuwa kututture na biyu. Da azahar ta yi, bakwai muka gama.